Bokitin Inna Delu Ya Yi Ja

A bakin rijiyar Sabon Gida suka fara haɗuwa. Shafa'atu, 'yar makarantar lise ta Madawa, ta zo hutu. Mahfuzu mai garkar tumatir ya roƙe ta ruwan sha. Ta miƙa masa, ya tsaya kallonta har ruwan ya ƙare a rigarsa.

Daga nan sai waya.

"Sheri, yau fangali guda na yi ta ba ruwa, sauran na manta su."

"Mai Garka, kak ka kashe shuka sabili da ni."

Magana har ta kai gun manya, sai bokiti ya ɓata komai. Mahfuzu ya ari bokitin ƙarfe na Inna Delu, mahaifiyarta, ya dama shuɗin maganin feshi, ya bar shi a ciki ya wuni. Da aka dawo da shi, cikinsa ya yi jajir kamar an yi yanka.

Inna Delu ta dafe ƙirji. Nazifi, mai shago da ya daɗe yana son Shafa'atu, bai ɓata lokaci ba. "Inna, asiri na. Da shi ya kama ɗiyarki."

Malam Halidu, mahaifinta, ya ce a dakatar da maganar aure.

Mahfuzu kansa ya rikice, har ya fara zargin kansa. "Sheri, wallahi shuɗi na zuba. Ina ja ya hito? Ko wani ya yi mini ne?"

Shafa'atu ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta tuna darasin shimi, wato kimiyyar sinadarai, wanda a cikinsa ba ta taɓa cin abin kirki ba. Wani ƙarfe yakan ture wani daga ruwa ya maye gurbinsa. To, wa ke ture wa? Nan kullum kanta yake kullewa.

Ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ba asiri ba na. Akwai jan ƙarhe narke cikin maganin, shi ya liƙe ga bokitin."

"In kin sani, ki hwaɗi abin da za ya hwaru tun ba a yi ba," in ji shi. "In kin kuskure, magana ta mutu."

Aka kawo ruwan maganin a kwalba mai faɗin baki, maƙwabta suka cika gida. Malam Halidu ya karɓi zoben azurfar Inna Delu, ya kuma zare wuƙar maƙera da ke ƙugun Nazifi.

"Wanne za ya yi ja?"

Shafa'atu ta dubi wuƙar da zoben. Azurfa ce gaba ko baƙin ƙarfe? Jerin ƙarafan da malaminsu ya sa su haddace ya watse mata. Ta dubi Mahfuzu, ta ga ya fi ta ruɗewa. Sai ta ce a ranta, ai bokitin ma baƙin ƙarfe ne, kuma azurfa ba ta tsatsa, ba mai hayaniya ba ce.

"Wuƙa za ta yi ja. Zobe ba abin da za ya same shi."

Aka tsoma. Aka ɗan jira, aka ciro su. Zobe ya fito fes. Wuƙa kuwa ta fito jajir.

Malam Halidu ya juya ta a hannu, ya dubi mai ita. "Nazifi, kai ma asirin gare ka?"

Dariya ta ɓarke, Shafa'atu kuwa ta zauna a ƙasa tana hawayen daɗi.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Ranar kai amarya, Mahfuzu ya raɗa mata, "Sheri, kin tabbata kuwa ran nan?"

"Rabi sani, rabi addu'a."

Inna Delu ta kama hannuwansu ta haɗa, idonta cike da ƙwalla. "Ni har yau ban gane komi ba. Amma na zarge ka a banza, ɗana, ka yahe mini. Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari."

Gida duka ya amsa da amin.