Roka Takwas a Bokitin Baƙin Mai

Da hantsi wata likita mai ritaya ta shigo ofishin Sufeto da ƙarar sata. An cire wa tsohuwar motar marigayin mijinta roka takwas na asali, an sa wasu.

"Yaya aka yi kika gane, Likita?"

"Shekara arba'in tana ƙas-ƙas in ta tashi. Daga gyara ta dawo shiru."

Roka ɗan ƙarfe ne mai lilo a saman inji, shi ke danna bawul ya buɗe. Sufeto ya san shi sarai, don a garejin kawunsa ya tashi. Kuma Kawun ne ya yi gyaran.

Sufeto ya je ya buɗe murfin injin. Rokan ƙirar farko zubi ne mai nauyi, da notin saiti a gindi. Waɗannan kuwa ƙirar baya ce, fallen ƙarfe marar nauyi da ɗan taya a baki.

Ya kira Kawu a waya.

"Da na asali ta bar hannuna," in ji Kawu. "Ka tambayi direbanta."

Sufeto bai ƙara tambaya ba, ya sa aka rufe direban. Kwana biyu mutumin yana rantsuwa, matarsa na zaune a bakin kantar ofishin da goyo.

Rana ta uku Sufeto ya shiga kasuwar kayan gyara. Mutum ɗaya ne ke ajiye irin wannan roka.

"Ban sayar wa kowa ba, Yallaɓai."

"To kwalin nan me ya sa ya zama wayam?"

Mai shagon ya sosa ƙeya. "Wani dattijo ne. Ya zo da ƙirar farko karyayye a hankici, yana neman irinsa. Na ce an daina yinsu tun ban zo duniya ba. Ya roƙe ni kar in faɗa."

Sufeto ya gane dattijon, ya fita.

Ya tarar da Kawu a gareji yana goge sifana.

"Kawu, ina rokan Likita?"

"Na faɗa maka, ɗana."

Amma idon Kawu na kan wani bokitin baƙin mai a ƙarƙashin benci. Sufeto ya naɗe hannun riga ya tsoma. Ya fito da bakwai lafiyayyu, na takwas a karye gida biyu.

Kawu ya zauna a kan taya.

"Hannuna ne ya fara rawa," ya ce a hankali. "Ina ɗaure notin saiti, sai na zarce. Ƙirar baya ba ta zama da ta farko, dole na canza duka. Shekara hamsin ana kawo mini abin da ya gagari kowa. Da wane baki zan ce na karya?"

"Shi ne ka ce direba ne."

"Na zaci za ka tsorata shi kawai ka sake shi."

"Kwana biyu, Kawu. Da sa hannuna."

Sufeto ya kira ofis ya ce a saki direban, a ce masa yana zuwa da kansa ya ba shi haƙuri.

Kawu ya miƙo hannayensa biyu. Sufeto ya bar ankwa a aljihu, ya ce su tafi ofis.

"Mu bi ta ƙofar baya," in ji Kawu.

"A'a, Kawu. Ran da na sa aka kama direban, ta ƙofar gaba aka fito da shi."