Kwikwiyon Barakatu da Akuyar Hamman

"Ba zan kai shi rafi ba, Baba."

Malam Gwadabe ya ɗago daga kan buzunsa ya dubi 'yarsa kamar bai ji daidai ba. Barakatu na durƙushe a ƙofar zaure, kanta a sunkuye yadda ladabi ya ce, amma muryarta ba ta sunkuya ba. A cinyarta akwai kwali, cikin kwalin tsohon ɗankwali, cikin ɗankwalin wani ɗan abu yana karkarwa, bai fi ɓera ba, idanunsa sun yi wa fuskarsa yawa.

"Kare a gidana? Abin da makarantar Kano ta koya miki ke nan?"

"Amana ce, Baba. Matar Baturen kuza na Riruwai ce ta ba ni shi, da motarsu ta tsaya a ƙofar makarantarmu. Uwarsa ta mutu a hanya, su kuma ƙasarsu za su koma. Na ce mata zan raine shi. Na riga na ce."

"To, ki warware."

"Ni ma da tawa uwar ta rasu, ba a kai ni rafi ba."

Sai a lokacin ta lura ashe akwai baƙo a gefe, dogon saurayi da sanda a kafaɗa. Hamman ne, Bafillacen da ya sauke shanunsu a gonar Malam don su ci kara su bar taki kafin damina. Ya kamata ya kawar da kai, amma wuyansa ya riga ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, da gaske wannan kare ne?"

"Ciwawa ake ce wa irinsu," ta amsa ba tare da ta dube shi ba. "Kuma ba sa girma."

"Ashe Nasara har karensa yake yi wa rowar tuwo."

Dariya ta so kufce mata. Ta ɗago don ta harare shi, hararar ta ƙi fita.

Malam ya yanke hukunci. "Kare uku na sani a littafi: na kiwo, na gadi, na farauta. Wannan ba ya cikin ko ɗaya. Ki kai shi bayan gida wajen turke. Kuma daga yau kada hannunki ya ƙara taɓa akushina."

Ta kai shi bayan gida, ta raɗa masa suna Ƙyalesu.

Tun daga ranar zama ya ƙare mata. Tana koyar da 'yan mata a elementare ta Tudun Wada, amma rabin hankalinta na turke. Da an kaɗa ƙararrawar tara sai ta kwasa a guje. Ta murɗa bakin tsumma mai tsabta ta tsoma a madara ta ɗiga masa. Ta cika tsohuwar kwalbar magani da ruwan ɗumi ta naɗe ta ajiye masa a gefe, don sanyi kaɗan ke sa shi rawar jiki. Bayan ya sha ta shafa masa ciki da jiƙaƙƙen tsumma, yadda uwarsa za ta lashe shi, don ya yi fitsari. Sannan ta cuɗe hannu da ƙasa da toka, ta sake zani, ta koma aji tana haki.

Duk da haka ramewa yake yi. Madarar shanu ta ɓata masa ciki.

Wata safiya ta tarar da Hamman a bayan danga, riƙe da igiyar wata jar akuya.

"Malama, yayata Adda Asabe ta ce ɓeranki na zawo."

"Ba ɓera ba ne."

"To, zakinki. Mu ɗan tunkiyar da uwarsa ta mutu, nonon akuya muke ba shi. Ko a gwada wa zaki?"

Ya tatsa a 'yar ƙwarya, da ɗuminsa. Ƙyalesu ya kama tsumman ya tsotsa har kunnuwansa na motsi. Barakatu ta ji ƙwalla ta cika mata ido, ta juya baya don kada ya gani.

Ya gani. Washegari ma ya dawo.

In shanu suka hana shi zuwa, yayarsa Asabe mai tallan nono ke kawo na akuyar a ɗan gora, da saƙo a baki. Boɗɗo yake kiran Barakatu, wato kyakkyawa da Fillanci.

"Ya ce a gaya wa Boɗɗo: tun safe yake ƙirga shanu yana ɓata, don duk farar da ya gani sai ya tuna haƙoranki."

"Ki ce wa Ɗan Fillo ya bar kallon haƙora ya kula da shanun mutane." Sai ta ƙara da cewa: "Ki kuma ce masa Ƙyalesu ya fara lasar ƙwai da kansa. Ya ce yana gaida babansa."

Asabe ta tafa hannu. "Babansa! Wannan saƙon ko ƙwaryata za ta fashe sai na kai shi."

Magana ta zaga gari. Aka ce malamar 'yan mata na goyon kare. Da wata ya shuɗe aka ga abin bai girma ba, sai aka ce ba kare ba ne, Allah kaɗai ya san ko mene. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, yau ɗaya gobe biyu. Ta kan tsaya gaban allo ta dubi tabarmin da ya koma fili.

Maikano malamin gona, wanda ya daɗe yana jingine kekensa a ƙofar gidansu, ya zo da tasa mafitar.

"Barakatu, ni da ke mun yi boko, kada mu zama abin dariya. Akwai maganin ɓera a ofis. Ɗan kaɗan a cikin madara, shi ke nan, kowa ya huta. Ajinki ya dawo, ni kuma in turo magabatana."

"Malam Maikano, ka hau kekenka tun da sauran mutunci tsakaninmu."

Ya hau. Bai ƙara dawowa ba.

Ana cikin haka gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Kowa ya san da ruwan fari ya sauka Fulani za su kaɗa shanunsu su bar gonaki, su nufi dajin Doguwa. Barakatu ta kasa tsaye ta kasa zaune. Sai kuma wata safiya ba Hamman, ba akuya. Asabe ta zo hannu wofi tana kallon ƙasa.

"Mahaifiyarmu, Inna Saude, ta ji labari. Ta ce matar da ke taɓa kare ba za ta kusanci ƙoranta ba, don ranar da aka ji, ba mai ƙara sayen nonon rugarmu. Ta sayar da akuyar. Hamman kuwa tun jiya ba mu gan shi ba."

Zuciya ta ɗebi Barakatu. "Ki ce masa na gode. Wanda ba zai iya tsaya wa akuya ba, ina zai tsaya wa mace?"

Ta nemi nonon akuya a maƙwabta, kowa ya ce tasa ba ta da ruwa. Ta dama masa koko, ya kawar da kai. Kafin azahar ta kashegari ta same shi kwance a gefe ɗaya, jiki sanyi, dasashi fari. Ta tuna abin da Baturiyar ta ce: irinsu ba sa jure yunwa ko ta ɗan lokaci. Ta lakato zuma ta goga masa a dasashi, ta cusa shi cikin zaninta a ƙirji, ta miƙi hanyar gona da rana tsaka, ko takalmi babu.

Ta tsaya nesa da ragar ƙorai, ta durƙusa.

"Inna, barka da rana. Ba ɗanki na zo nema ba. Nonon akuya nake roƙo, ko cikin ludayi ne."

Inna Saude ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce 'yar bokon? Ajiye abin can, in ga abin da ya juya wa ɗana kai."

Ta ajiye shi a ƙasa. Zumar ta fara aiki, ya miƙe yana tangaɗi. Ana haka inuwa ta gifta. Ƙyalesu ya ɗaga kai ya saki wani siririn haushi mai shiga kunne, bai tsaya ba. Kaza ta yi kuka, 'yan tsakinta suka ruga ƙarƙashin gadon kara. Shirwa ta sauko ta tashi da ƙura kawai.

Inna Saude ta riƙe haɓa. Tun farkon rani shirwar nan ke cinye mata tsaki.

"Wannan ɗan abin da baki haka?"

Kafin a amsa mata, sai ga Hamman ya ɓullo ta bayan shinge, ƙafafu futu-futu, leɓe a bushe, jar akuya na biye da shi.

"Har Kiru na bi dillalin," ya ce. "Ya ƙi sakinta sai da na ba shi ragona." Ya dubi Barakatu. "Adda ta tare ni a hanya da saƙonki. Na tsaya wa akuya, Boɗɗo. Saura mace."

Kunya ta rufe ta. "Ɗan Fillo, bakina ya riga hankalina. Ka yafe mini."

"Tatso tukuna. Ɗanmu na jin yunwa."

Inna Saude ta yi tsaki, amma ita ta miƙo tsohuwar ƙwarya. "Wannan tasa ce, kada ta ƙara haɗuwa da nawa. A yi masa bukka can wajen kaji. Ke kuma, hannunki da ƙorena, har abada a'a."

"Na ji, Inna."

Da kawunnan Hamman suka je zaure da goro, Malam Gwadabe ya daɗe yana jan carbi.

"Bafillacen daji, ga kuma kare. Ina za a kai wannan magana?"

"Allah gafarta Malam," in ji Hamman daga bakin ƙofa, "kai ka ce kare uku ne a littafi. Ya samu aiki. Kiwon kaji yake yi."

Malam ya kai hannun riga bakinsa, kafaɗunsa na motsi. Da ya sauke hannun, idonsa ya yi ja.

"Ita ma da nonon akuya na raine ta," ya ce a hankali. "Taurin kan nan daga can ta tsotso shi. Na ba ka. Allah ya sa albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana fiye da uwarsu."

Aka shafa fatiha ana sauran kwanaki kaɗan ruwa ya sauka. Ranar tashi aka ɗora amarya a kan takarkari, kwalin Ƙyalesu a gabanta, jar akuya a baya, Hamman na gefe yana satar kallonta. Asabe ta rangaɗa guɗa, mata suka bi su da addu'a har bakin gari: Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki.

Sun zauna lafiya, sun kuma ga 'ya'ya. Amma Barakatu ba ta taɓa cewa ta sha da arha ba. Ajin da ta yi shekaru tana karatu dominsa an ba wata, ba ta ƙara riƙe alli a gaban allo ba. Inna Saude ta so ta, amma ba ta taɓa barinta ta taɓa ƙwarya ɗaya ba. Mahaifinta kuwa, da ya sa mata albarka da bakinsa, har ya koma ga Allah bai ƙara cin tuwon hannunta ba.