Wadda Ta Zauna a Kariyar Madu

Kullum da yamma yayana Madu ne ke zuwa ya ɗauke ni a keke daga shagon ɗinki a Hausari ya kai ni gida. Shan inna ta cinye mini ƙafar hagu tun ina rarrafe, ko da sanda ba na nisa. Sai in zauna a kariyar bayan keken a kaikaice, sandar a kan cinyata, in riƙe ƙarfen sirdi. Ba don ƙauna yake zuwa ba. Hajja, mahaifiyarmu, ita ta ɗora masa, kuma bai taɓa fasa tuna mini ba.

A shekarar nan ciwon tseren keke ya kama shi. An ce za a zaɓi waɗanda za su je gasa a Jos, garin duwatsu. Mu kuwa Maiduguri shimfiɗe take kamar tabarma. Abokin hamayyarsa Yoila ɗan Biu ne, da hawan tudu ya girma. Madu ko barci ba ya yi saboda shi.

Sai ya gano wani tudu a bakin kogin Ngadda, inda masu haƙar yashi suka daina zuwa. Siririyar hanya ce ta tashi daga cikin kwari ta miƙe tsaye zuwa gindin wata tsohuwar tsamiya. Daga ranar hanyar gidanmu ta ƙara tsawo. Mu gangara kwarin, ya hau, ya sauko, ya sake hawa, ni ina baya ƙashina na karo da ƙarfe.

"Ya Madu, don Allah mu tafi gida. Bayana zai karye."

"Yi mini shiru, Turai. Yoila buhun yashi yake ɗaurawa. Ni Allah ya ba ni ke, ga nauyi ga rashin amfani."

Yana da doka biyu a hawa: ba ya sa ƙafa a ƙasa, ba ya waiwaye. Ta ukun tawa ce. Ya ce ranar da na kuskura na sauka, ko na gaya wa Hajja, a nan zai bar ni in ja gindi har gidanmu a Abbaganaram. Na san zai aikata. Wallahi na tsane shi a kwanakin nan, amma abin da ya fi ƙiyayyar ƙarfi shi ne tsoron ya tafi ya bar ni a kwarin.

Mai tuƙi gabansa yake kallo. Wadda ke zaune a kaikaice kuwa tana ganin gefe, tana ganin baya. Ni na fara lura da sawun. Idan muka sauko, sai in ga sawun tayarmu a yashi, a gefensa kuma sawun ƙafa guda da ɗigon sanda. Irin sawuna ke nan sak. Alhali ban taɓa taka wajen ba.

Na gaya masa. Ya yi dariya har keken ya yi tangaɗi.

"Aljanun ma guragu suke bi? To su zo su hau, in samu ƙarin nauyi."

Ranar da abin ya faru ya makara. Rana ta yi ja sanda muka isa kwarin. Warin laka da na bandar kifi ya cika wajen kamar kullum. Daga cikin gari aka fara kiran magariba, masallaci na karɓa daga masallaci.

"Ya Madu, magariba ta yi."

"Hawa ɗaya."

Ya sauya giya, ya miƙe a kan feda. Kaca ta fara kuka. Muka kama hawa.

Kiran sallar ya yanke a tsakiya, kamar an rufe ƙofa. Kwaɗin kogi suka yi tsit. Ba abin da ya rage sai numfashin Madu da kukan kaca.

Sai ƙamshi ya taso. Turaren wuta ne mai kyau, irin na ɗakin amarya, a ƙarƙashinsa kuma ƙaurin gashi.

Na dubi tsamiyar. Tana inda take, ba ta matso ba. Na dubi ƙasa. Kwarin ya yi nisa, ya yi baƙi. Tudun da muke gamawa kafin a karanta Fatiha ya ƙi ƙarewa.

A bayanmu na ji wani abu. Taku, sai ja. Taku, sai ja.

Na waiwaya.

Mace ce. Hijabina ne a jikinta, har da ɗinkin da na yi wa gefensa da baƙin zare. Sandata a hannunta, ga kuma tawa a cinyata. Tana ɗingishi a hankali, amma tana cim mana. Kanta a sunkuye.

Na buɗe baki in yi a'uzu. Harshena ya manne.

Na daki bayan Madu.

"Ki sake taɓa ni ki gani," ya ce cikin haki, bai juyo ba.

Hannuwa biyu masu sanyi suka shiga hammatana. Aka ɗaga ni cak, aka ajiye ni a yashi a hankali, yadda ake sauke tulu. Ta haye kariyar. Ta zauna a kaikaice, ta gyara sandar a cinya, ta kama ƙarfen sirdi.

Keken ko girgiza bai yi ba.

"Yauwa, Turai," na ji Madu ya ce. "Haka nake so. Ƙara nauyi."

"To, Ya Madu," ta amsa.

Muryata ce.

Sannan ta ɗago kai ta dube ni. Fuskata ce, sai dai bakin ya kai har kunne. Ta sa yatsa a leɓe.

Tayar baya ta nutse cikin yashi. Madu na nishi, yana dariya, yana hawa.

Na yi ihun sunansa. Na ji ihun a maƙogwarona, amma bai fita ba. Sandata ta gangara ta ɓace. Na bi ta da ciki, ina ja da gwiwar hannu, ƙaya na yaga mini tafi. A gefena yashi na motsi, kamar akwai masu rakiya. Wani abu ya shinshina wuyana, ya yi tsaki, ya wuce. Ko aljanun ma ba su ga abin ɗauka a jikina ba.

Ban san yadda na kai bakin titi ba. Wani dattijo mai keke napep ya taka birki, ya dubi jinin hannuna, ya yi salati, ya ɗauke ni, ina nuna masa hanya har ƙofar gida, bai tambaye ni komai ba.

Keken Madu na jingine a zaure. Shi kuma yana tsakar gida a kan tabarma, ya sa kwanon tuwo a gaba, ya ajiye kofin ruwa a gefensa inda ba kowa. Hajja ta ganni ta saki ludayi.

"Innalillahi! Madu, ka ce mini tana bayanka! Ina ka yar da ƙanwarka?"

Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa. Babu fushi a idonsa, babu kunya.

"Hajja, wace ce wannan? Ba ta sadaka ta tafi. Ga Turai nan tana cin abinci."

An yi rubutu, an yi hayaƙi, malamai sun zo sun tafi. Madu lafiyarsa ƙalau a komai, yana sallah, yana zuwa aiki. Ranar zaɓen masu zuwa gasar ya bar Yoila a baya kamar an ɗaure shi. Waɗanda suka je kallo sun ce tayarsa ta baya a danne take, alhali ba kowa a kariya.

Har yau bai sake ganina ba. In na tsaya a gabansa sai ya kewaye ni kamar turmi. Kullum da yamma yana zuwa ƙofar shagonmu, ya buga ƙararrawa, ya jira, ya ce, "Kin zauna daidai?" sannan ya tafi a hankali yana kauce wa ramuka. Ya ɗaura matashi a kariyar. Ni bai taɓa ɗaura mini ko tsumma ba.

Jiya da yamma ina ɗaki na ji shi a zaure yana goge keken, yana magana.

"Turai, na cuce ki da yawa. Ki yafe mini."

Tun ina yarinya nake jiran wannan maganar. Na rarrafo da sauri, ina kuka, in ce masa na yafe. Kafin in kai bakin zauren, na ji an riga ni.

"Na yafe maka, Ya Madu."