Fasinjan Bakin Mayo

Ranar da Munzali ya fito da sabon mashin ɗinsa, 'yan acaban bakin mayo, wato rafin garin, ba su yi wani aikin kirki ba. Sun zagaye shi a gindin kukar da suke jiran fasinjojin garin Sahuda, kowa da abin da yake faɗa. Mashin ɗin sabo ne fil, amma an ƙera shi da siffar na da: fitila guda zagayayya kamar faranti, tanki mai ƙyalli, doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya. Wani ya ce ba zai hau tudu da buhun masara biyu ba. Wani ya ce na ango ne, ba na mai neman abinci ba. Zira, abokin Munzali tun ƙuruciya, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce tsohuwa ce aka shafa wa hoda. Wani dattijo ne kaɗai ya tsaya yana shafa tankin, can ya ce ya tuna masa da mashin ɗin marigayi Mato, wanda ya tsufa yana tsallakar da mutane a wannan mashigi.

Munzali mutum ne mai son a yabi abinsa, don haka maganganun sun ci masa rai. Ya riga ya yi wa 'yarsa Hansai alkawarin ita ce za ta fara hawa bayansa, shi ya sa yinin nan bai ɗauki kowa ba. Amma da rana ta yi ja, tsiya kuma ta ishe shi, sai ya buga kik, ya kau da kai daga gare su ya dubi mayo, ya daki kujerar baya.

"Wanda ya san darajar abu, ga wuri, ya hau."

Ba wanda ya motsa. Zira dai ya ga bayan mashin ɗin ya ɗan yi ƙasa, amma ya ɗauka idonsa ne.

Ana kiran magariba ya shiga gida. Hansai ta sheƙo da gudu, ba ta jira an kashe injin ba ta ɗare kujerar tana dariya. A tsaka dariyar ta yanke. Ta miƙe zaune, ta miƙa hannu biyu gaba kamar mai riƙe da rigar wani, ta kafe ƙofar gida da ido.

Ba ta sauko ba. Uwarta Hajjo ta lallashe ta, ta yi faɗa, ta yi kuka. Munzali ya sa hannu zai ɗaga 'yar da yake ɗauka da hannu ɗaya, ya ji kamar turmi aka dasa a ƙasa. Mashin ɗin ma ya ƙi turuwa. Hajjo ta kafa mata rumfar tabarma a tsakar gida, tana ɗura mata kunu da cokali, yarinyar na haɗiyewa ba ta ƙifta ido.

Kowace yamma, da duhu ya fara taruwa a gindin katanga, sai tsakuwa ta soma sauka a kan kwano, ɗaya, sai a jima, sai wata, jiƙaƙƙiya kamar yanzu aka tsamo ta daga ruwa. Sannan fitilar ta kama da kanta, alhali makulli na aljihun Munzali. In ya nufi ƙofa, Hansai ta fasa ƙara ba ta shaƙar numfashi har sai ya dawo. Haka mutumin da bai saba wuni a gida ba ya koma zaman dabaro kusa da abin da ya yi alfahari da shi, yana kallon 'yarsa tana ramewa. Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta fi tsoron.

Abokan sana'a suka zo, suka tsaya daga zaure. Bakunan da suka yi ba'a yanzu shawara suke bayarwa, wannan ya ce a sayar, wancan ya ce a cinna masa wuta. Zira kuwa ya miƙe. Ya tafi unguwar Lamorde ya zo da Malam Ishiyaku.

Malam ya zauna a tabarma daf da tayar baya, ya daɗe yana karatu ƙasa-ƙasa, har tsakuwar ta ɗauke. Sannan ya tambayi wanda yake zaune a nan. Bakin Hansai ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito, busasshiya, mai gajiya.

"An ce in hau, na hau. Ba a ce in sauka ba. Ita ta zauna a kaina."

Malam ya tambaya wa ya ce masa ya hau. Muryar ta ce ita ta ɗauka Mato ne. Kullum da yamma, in ji ta, yakan tsaya a bakin mayo ko da ba kowa, ya daki kujera, ya tsallakar da ita. Rana ɗaya ya daina zuwa, ita kuwa ta yi ta jira, har ta hango fitilarsa.

"Fitilar tasa ce, kujerar ma tasa ce. Amma ƙarar ba tasa ba ce, bayan da na jingina ma ba nasa ba ne. Tun muna hanya na gane. Ina Mato?"

"Ya rasu tun shekarar gudun hijira," in ji Malam.

Hawaye ya gangaro a fuskar Hansai, Hajjo ta rasa ko na wane ne a cikinsu.

Sai aka shiga ciniki. Muryar ta ce a bar mata kujerar har abada, Malam ya ce babu. Ta ce to a riƙa tsallakar da ita kowace yamma kamar da. Malam ya ce sabo turken wawa ne, kuma wanda ya yi wannan alheri ya tafi da abinsa. Ya koma karatu da ƙarfi, yarinyar na karkarwa, har muryar ta ce ta yarda: sau ɗaya, a kai ta tsallake, a faɗa mata abin da Mato yake faɗa, kuma mai tuƙi kada ya dubi madubi.

Bugu ɗaya mashin ɗin ya tashi. Munzali ya ji ƙananan hannuwa sun damƙe rigarsa da ƙarfin da ba nasu ba. Ya bi ta gaban kukar, 'yan acaba suka dare suka ba shi hanya. Ya ratsa yashi da ɗan ruwan da ya rage, idonsa a gaba, ya tsaya a ɗaya gaɓar. Ya tuno kalmomin Mato da muryar ta koya masa kafin su fito.

"An iso," ya ce. "A sauka lafiya."

Bayan mashin ɗin ya ɗago a hankali. Hannuwan suka saki, suka sake kama shi, wannan karon da taushi. Ya ji goshi mai zafi ya kwanta a bayansa.

"Baba," in ji Hansai da 'yar muryarta, "ni ce na fara hawa, ko?"

Munzali ya kashe injin. Ya daɗe yana duban fitilar kafin ya iya juyowa.