Ƙasar da Wafa ta Samo Mata

"Sake faɗa min, Muhyiddeen! Me suka ce?"

Radiyya na tsaye a falon kakarta Hajo a unguwar Ranuna da ke Madina, sabon koren fasfon Najeriya a hannunta.

Saurayin nata Muhyiddeen, da ya dawo daga ofishin shige da fice, ya kasa kallonta. "Sun ce tunda yanzu kina da ƙasa, ke baƙuwa ce da ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Dole ki fita, habibti..."

"In fita in je ina? A Madina aka yanke min cibiya!"

Abin takaici ne tun daga tushe. Kakanta ɗan unguwar Hausawa ne a Bamenda, zamanin da Bature ke mulkin yankin haɗe da Najeriya. Ayari ɗaya suka shigo Madina da kakan Muhyiddeen. Da aka buɗe ƙofar zama ɗan ƙasa, kakan Muhyiddeen ya yi wuf ya karɓa. Nata kuwa ya ce me zai yi da ita, shi mai fasfon Sarauniya? Ai gida zai koma. Bai koma ba. Bature ya tattara nasa ya nasa, doka ta sauya, Bamenda ta koma Kamaru, fasfon Sarauniya ya tashi daga aiki.

Tun daga nan zuriyarsa ke shan yawo. Wannan ofishi ya ce garin kakanku ba namu ba ne yanzu. Wancan ya ce ai da sunan Najeriya ya fita. In ba fasfo kuma, ba izinin auren ɗan ƙasa irin Muhyiddeen.

"Ba ƙin ta nake ba, ya waladi," in ji mahaifiyarsa Hajiya Safiyatu, ranar da ya kai mata zancen auren. "Amma ba zan ga jikokina suna rayuwa a ɓoye ba. Ga Wafa 'yar ƙanwata, komai nata a hannu."

Sai ga Wafar da kanta a gidan Hajo, da farantin ma'amul, biskit ɗin dabino, da murmushi har kunne. A ofishin masu bin takardun mutane take aiki, ta san kan abin. Ita ta zaƙulo wasu dattawa biyu da suka shaida asalin gidan daga Kano ne. Ita ta tuƙa Radiyya har ofishin jakadancin Najeriya a Jidda, aka yi mata fasfo. Baiwar Allah Radiyya, har kuka ta yi a kafaɗarta tana neman gafarar mugun zaton da ta yi mata.

Yanzu Radiyya ta fizgi wayarta ta kira Wafar.

"Wafa... kin san haka za ta faru?"

"Me ya faru, ya ruhi?"

"Kada ki raina min hankali! Kin san muddin ba ni da ƙasa, ba inda za a tura ni!"

Wafa ta yi 'yar dariya. "Ƙasa kika nema, na samo miki. Ko godiya babu?"

Ƙit, ta kashe.

Radiyya ta zube kan kujera. Haushin kanta ya fi na Wafa ci mata rai.

"Wallahi ba zan bar ki ba," Muhyiddeen ya durƙusa gabanta. "Ki je, zan nemi izini daga nan, in dawo da ke a matsayin matata."

"Yaushe?"

"Ya'ani... akwai sharaɗin shekaru, sai na ƙara girma kaɗan. Sannan a jira amsa."

"Na ji. Zan jira, ko furfura zan yi." Ta share hawaye ta dube shi ido cikin ido. "Abu ɗaya nake so. Tashi mu je gidanku a Ƙiblatain yanzu, ka faɗa wa Umminka a gabana cewa ni kake jira, ba Wafa ba."

Ya kawar da kai.



"Ummi ba ta da lafiya kwanan nan, Radiyya. Bari dai a ɗan..."

"Halas." Muryarta ta fito a sanyaye. "Na ji amsata."

"Nurul ƙalbi, saurare ni!"

"Tashi ka tafi, Muhyiddeen. Na gaji da jin a dawo gobe."

Ta so shi, har gobe ma tana son shi, shi ya sa abin ya fi zafi.

Ranar tafiya ta je Harami ta yi wa Manzon Allah sallama, ta rungume Hajo wadda ba ta da fasfon raka ta ko taku ɗaya. A mota maƙwabciyarsu ta suɓutar da baki, wai an sa ranar Muhyiddeen da Wafa bayan Babbar Sallah. Radiyya ta danne hawayenta har jirgi ya sauka a Kano, garin da ba ta taɓa gani ba, ba ta san kowa a cikinsa ba.

Jami'in ya buga mata hatimi, ya miƙo fasfon da fara'a.

"Sannu da dawowa gida, 'yar'uwa."

A nan kukan ya ƙwace mata.