Mutumin Da Ya Ƙi Durƙusawa

Ina da wani ɗan hali: idan na ji tsoron mutum, nakan faɗa masa abin da yake so ya ji.

"Clive! Ka ce wa Baba kai Baikin ne?"

Glenda ce tsaye a kaina cikin rumfar kwalliya, hannunta cike da taɓon da take shafa mana, idonta jajir.

"Masoyiya, tambayata ya yi..."

"Rufe baki, taɓo zai shiga!"

Shekara uku ke nan ana ɗaukar wasan tarihin nan na talabijin a gaɓar tekun Whitby, a arewacin Ingila, kuma rabon aiki bai taɓa canzawa ba. Dogaye masu ƙirji su ne Baikin, maharan teku: a yi musu kitso, a sa musu kwalli, a ba su gatari. Mu gajeru masu sanƙo mu ne Sakson, manoman da aka tarar: a shafe mu da taɓo, mu durƙusa, mu yi addu'a, a kashe mu. Ni dai sau goma sha ɗaya na mutu. Shekarata hamsin da biyu, kuma ban taɓa riƙe wani aiki da amana haka ba.

A wajen shafa taɓon nan na kamu da son Glenda.

"Kelvin ya je gida jiya," ta ce. "Ya faɗa wa Baba komai. Ya ce masa ya kalli kashi na shida na wasan ranar Lahadi, zai ga surukinsa a durƙushe."

Kelvin Baikin ne, sau bakwai a hannunsa na mutu. Shi ma Glenda yake so.

"Baba ya ce me?"

"Ya ce in ya ga gwiwarka a ƙasa, kada ka ƙara taka masa gida. Clive, shekararsa tamanin da huɗu... ni kaɗai gare shi. Ba zan yi auren da zai mutu yana fushi da ni ba."

"Amma wasa ne fa, zuciyata!"

"A wurinka!"

Ta goge hawaye da bayan hannu, taɓo ya ɓata mata kumatu.

"Ƙarya ɗaya ta ƙara shiga tsakaninmu, na haƙura da kai."

Ranar Lahadi na je gidan mahaifinta da rigata mai kyau. Baba Thackray bai amsa gaisuwata ba. Kelvin na zaune a kujerar da na saba zama, ya cika faranti da gasasshen nama da dankali.

"A'a, ga gawa ta iso! Zauna a ƙasa mana, ai ka saba."

"Na gode. Gashin aron naka fa, ka baro shi a rumfar kwalliya?"

Tsohon ya buga sandarsa.

"Mu mutanen arewa jinin Baikin ne! Waɗannan masu rarrafe da ake nunawa, wai su ne Ingila? Mutanen kudu ne, ko tantama babu."

"Baba, ai nan ma Sakson sun zauna..."

"Wa ya tambaye ka?"

Aka kunna talabijin. Jiragen ruwa suka iso, ƙararrawar coci ta kaɗa, ƙauye ya kama da wuta. Mutanenmu suka zube a gwiwa kamar an sassabe su. Na kalli Glenda, ta kawar da kai. Na soma tunanin yadda zan koma cin kifi da soyayyen dankali ni kaɗai a cikin mota har ƙarshen rayuwata.

Sai ga mai sanƙo ɗaya a ƙofar coci, fuska duk taɓo, riƙe da fartanya.

A tsaye yake.

Kelvin na cikin akwatin ya daka masa tsawa. Bai motsa ba. Ya tofa yawu a ƙasa, gatari ya sauka, ya faɗi da fartanyarsa a hannu.



"Wannan..." Tsohon ya nuna akwatin da sandarsa. "Haka babana ya tsaya ranar da aka zo rufe masaƙarsu. Glenda! Shi ne?"

Kelvin ya yi tsalle. "Baba, wannan ai..."

"Ba ubanka ba ne ni! Glenda nake tambaya."

Na buɗe baki. Rantsuwa nake, na buɗe. Sai na ji farcenta ya nutse a bayan hannuna.

"Shi ne, Baba," ta ce a hankali.

Tsohon ya miƙo mini hannu yana kuka.

"Ɗana, kai ne Ingila. Kelvin, tashi ka ba shi kujerarsa."

A bakin ƙofa na riƙe ta.

"Kin ce ƙarya ɗaya..."

"Taka na ce, ba tawa ba. Kada ka ƙara tayar da maganar nan, ka ji?"

Aka ɗaura aure a watan Yuni. Baba ya sa an ciro hoton jarumin, an rataye a saman murhu, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Kullum da safe a ƙarƙashinsa nake shan shayi.

Sunan mutumin da ke tsaye a hoton Trevor, direban bas ne daga garin Hull. Ni kuwa a bayansa, ni ne na uku daga hagu, a durƙushe, rungume da kaza.