Ƙugiyar da Ta Ɓata

Duk mai 'ya budurwa a gida ya saurara da kyau. Abin da ya kusa raba Khaula da Fatihu ba mutum ba ne, ba kuma aljani ba. 'Yar ƙugiya ce da ke saman harafi, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba. Tun ranar da suka haɗu ta fara gargaɗi, amma ba wanda ya kula.

Khaula na zaune a shagon mahaifinta, Malam Dallatu, a bakin titin Mpape, inda suke buga takardu da fotokwafi. Wani dogon saurayi ya yi sallama, hularsa a hannu.

"Sanarwa nake so a buga mini. Saniyar Baffana ce da aka kawo kiwo ta ɓata a bayan duwatsun nan."

Ta rubuta, ta danna. Firintar lesa ce da Malam Dallatu ya saya a gwanjon wani ofis, rubutunta fes kamar na littafi. Takarda ta fito da ɗuminta. Saurayin ya duba, ya kwashe da dariya. A gurbin harafin ɓ wani ɗan akwati ne zaune.

"Hajiya, saniya ce ta ɓata, ba akwati ba."

Khaula ta ji kunya, ta zaro biro. "Kawo in gyara. Haka muke yi kullum. Babbar manhajar rubutu ta yi wa kwamfutar nan nauyi, da an buɗe ta sai ta sandare. Wadda muke lallaɓawa da ita kuwa ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba. Da hannu nake cike su."

Ya dubi yatsunta da tawada ta ɓata, sannan ya dubi fuskarta. Kallon ya ɗan daɗe.

"Sunana Fatihu. Gyaran kwamfuta nake yi a Wuse. Firintarku lafiyarta ƙalau. 'Yar ƙaramar manhaja kuke buƙata, marar nauyi, wadda ta san haruffanmu. Ban san inda take ba, amma zan nemo miki."

"Ka fara nemo saniyar tukuna," in ji ta.

Lambar waya dai tana jikin sanarwar, kuma Khaula ce ta buga ta da hannunta. Bayan kwana kaɗan ta tambaye shi ko an dace. Daga nan saƙonni suka buɗe.

"An ga saniya a hanyar Karshi, tana cin ciyawar mutane hankali kwance. Saura manhaja. Ina gaida Kugiyar zuciyata."

Ta mayar masa: "Mai Saniya, ka iya zaƙin baki. Alhamdu lillahi da aka gan ta. Alƙawari dai kaya ne."

Ya riƙa leƙowa shagon da filashi, ɗan abin da ake ɗauko manhaja a ciki, a aljihu. Manhajar farko da ya kawo ta buɗe, amma firinta ta yi ta aman takardu cike da alamomin da ba mai karanta su. Ta biyu ta nemi a biya ta duk wata. Ta uku ta buga ƙ daidai, ta haɗiye ɗ. Kowace ta faɗi sai su yi dariya, ya ce, "Kin ga, Allah ne ya ƙaddara in sake dawowa."

Malam Dallatu yana gefe yana lura, kuma ba ya dariya. Mutum ne mai yawan fargaba. Ko Khaula ta je siyo burodi sai ya tsaya a ƙofa har ta dawo. Wata rana bayan tafiyar Fatihu ya ce:

"Yaron nan, manhaja yake nema ko ke?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na sani. Khaula, ke kaɗai gare ni mace. Mutanensa makiyaya ne, yau suna Paikon Kore, gobe ciyawa ta ƙare su ɗaga. In ya tafi da ke, ina zan gan ki? Ga Zakiyyu, ɗan aminina, gidansu na nan ƙasan layi. Jiya ma ya ce zai kawo mana sabuwar kwamfuta, mu huta."

"Baba, kwamfutar da za ta shigo da igiya a wuyanta ba na so. Kuma Baffansa ya shekara da shekaru a zaune wuri guda."

"To shi wannan me ya kawo ban da alƙawari?"

Ta koma ga aikinta. Zakiyyu ba mugun mutum ba ne, yana da ladabi, yana da mota. Sai dai in ya zo zance, labarin motar ya fi yawa.

Ba a nan kaɗai damuwarta ta tsaya ba. A shagon da ke jikin nasu akwai Ihsan, ita ma mai buga takardu, ita ma akwatunan nan sun dame ta. Da ta hango Fatihu sai ta gyara mayafi ta fito.

"Injiniya, in ka samo abin nan ni za ka fara ba, ko? Ai maƙwabci ma yana da haƙƙi."

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya wuce. Khaula ba ta son murmushin nan ko kaɗan.

Ranar wata Alhamis saƙo ya shigo: "Kugiyata, na same ta! Karama ce kamar kwayar magani, kyauta kuma. Na gwada ta a irin firintarku, haruffa sun fito da hulunansu."

Khaula ta kai wa mahaifinta labari tana rawar jiki. Sai ya ce, "Ki ce masa ya zo ranar Asabar bayan la'asar. Ba shago ba, gida. In mutum yana son 'yata, ya tako ya zo inda take kwana, in ga idonsa."

Gidansu yana can saman tudu, inda mota ba ta zuwa. Sai 'yan hanyoyin ƙafa masu kama da juna, suna ratsa bayan gidaje da kwatoci. Ta yi masa kwatance: ya wuce masallaci mai koren fenti, ya bi hagu wajen mai injin markaɗe.

Asabar ta zo da hadari. Malam Dallatu ya sa an hawo da kwamfuta da firinta gida. Mahaifiyarta Hindatu ta dafa shinkafa da miyar kaza. La'asar ta wuce, ruwa ya tsuge, ba Fatihu. Can sai wayar Khaula ta yi ƙara.

"Na bata. Ki yi hakuri."

Ta karanta sau biyu. Fuskar Ihsan ta faɗo mata, da mayafin, da murmushin nan. Ya ba ta! Abin da ya yi mata alƙawari, ya kai wa Ihsan. Ta kira, wayar a kashe. Ta shige ɗaki ta kifa kai a filo.

Malam Dallatu ya tsaya a bakin ƙofa. "Me ya ce?"

"Gaskiyarka ne, Baba. Ya ba Ihsan. Ka ce wa Zakiyyu ya turo manyansa."

Abin da yake son ji ke nan tun tuni. Amma kukan 'yarsa bai yi masa daɗi ba. Ya miƙa hannu. "Mu ga saƙon."

Ya sa tabarau, ya kai wayar kusa da hanci. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya ga Khaula tana zana ƙugiyoyi da biro har idonsa ya saba. Ya daɗe yana kallo. Da ya so, sai ya mayar mata da wayar ya yi shiru, magana ta ƙare a nan.

"Khaula, yaya ake rubuta haƙuri?"

"Da ƙ mai ƙugiya," ta ce cikin kuka.

"To nasa ba ƙugiya. Duba na sama, ko sunan da yake kiranki bai sa mata ba. Yaron nan ba ya sa ƙugiya a waya." Ya sauke tabarau. "In haƙurinsa ba ƙugiya, me ya sa kike zaton batansa na da gaskiya? Ba ba ta ya yi ba. Ɓata ya yi. Wane kwatance kika yi masa?"

"Masallaci mai koren fenti..."

"Wanda aka yi wa farin fenti makon jiya?"

Khaula ta miƙe zumbur, ta dafe baki. Hindatu ta yi salati daga kicin. Malam Dallatu ya ɗauki lema, ya sa takalmin roba, ya fita yana faɗa shi kaɗai.

Ana kiran magariba suka shigo tare. Fatihu ya jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya ya tsinke. A wajen masu fasa dutse aka tsinto shi, yana tambayar mutane koren masallaci, wayarsa ta mutu. Ya buɗe tafin hannunsa. Filashin na nan naɗe cikin leda, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

"Na ce masa ya koma gida sai gobe," in ji Malam Dallatu. "Ya ce shi Asabar ya yi alƙawari."

Bayan salla aka kunna kwamfuta. Manhajar ta buɗe kafin a ƙifta ido, fili fari kawai da wurin rubutu. Fatihu ya matsa gefe.

"Baba, kai za ka fara."

Malam Dallatu ya zauna. Da yatsa ɗaya ya riƙa neman haruffa, Khaula na nuna masa. Firinta ta yi gurnani, ta turo takarda. Ya ɗaga ta sama wajen fitila, ya karanta da ƙarfi:

"Baƙo ya ɓata, ya ƙi komawa, ya zama ɗa."

Ba akwati ko ɗaya. Kowace ƙugiya na zaune a kan harafinta. Hindatu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Malam Dallatu ya dubi Fatihu. "Abu ɗaya nake tsoro. Kada ka kai mini ita inda ba zan gan ta ba."

"Baba, ni da na ɓata a unguwarku, ina zan iya kai ta? Ɗaki zan kama a ƙasan tudun nan, kusa da shago."

Dattijon ya yi dariya, karo na farko tun zuwan Fatihu rayuwarsu. "Ka turo Baffanka."

Da zai tafi, Khaula ta raka shi bakin ƙofa.

"Ka yafe mini, Mai Saniya. Na zarge ka."

"Ni ne da laifi, Ƙugiyata. Yau zan koya wa wayata rubutu."

Washegari saƙonsa ya iso: "Ina ƙaunarki. Ki duba da kyau, na sa mata hularta."

Malam Dallatu da kansa ya je ya ba mahaifin Zakiyyu haƙuri, kuma aka rabu da mutunci. Khaula ce ta kai wa Ihsan manhajar da hannunta, ta ce, "Ga haƙƙin maƙwabtaka." Ihsan ta karɓa tana dariya, ta ce ita za ta yi wa amarya lalle.

A firintar nan aka buga katin biki, kuma ba wanda ya taɓa biro. Ranar ɗaurin aure mutanen Paikon Kore suka cika masallacin da yanzu yake fari. Baffa ya ba da saniyar nan da ta taɓa ɓata a matsayin sadaki, ya ce tun da ita ta haɗa, ita za ta ƙulla. Aka raba goro da alawa, aka shafa fatiha. Malam Dallatu ya riƙe hannun angon, ya yi addu'a:

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya ta gari. Allah ya sa kada ɗayanku ya yanke wa ɗaya hukunci kafin ya karanta da kyau."

Jama'a suka amsa da amin.

Yanzu shagon ya yi suna a Mpape, masu katin suna da na biki suna layi. Daga ƙofarsa Malam Dallatu yana hango rufin ɗakin 'yarsa. Yakan sa wanda ya rubuta 'yar manhajar nan cikin addu'a. Fatihu ya duba ko'ina a jikin manhajar, haruffa biyu kawai ya gani a gurbin suna. Har yau ba su san ko wane ne ba, namiji ne ko mace, ko a wace ƙasa yake, ko ma yana raye.